Matasan Gobir da Sana'ar Manhaja: Hanyar Fita Ta Fi Ta Komawa Faɗi

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 da jihar take da su. Sabon Birni da Isa na ciki. Tun farkon watan an riga an yi wa Zamfara haka gaba ɗayanta. Hujjar hukuma ita ce a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari daga cikin gari. A daidai wannan lokaci aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka ce matafiya su zagaya ta Goronyo, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. An daɗe ana gardama ko matakin ya rage ɓarna ko ya ƙara ta. Abin da ba a tsaya an auna ba shi ne halin saurayin da ke neman abincinsa ta kwamfuta: babu sabis, babu man janareta, hanyar fita ma sai da zagaye. Mutanen bakin iyaka da dama sun koma sayen layukan Nijar, suna laluben inda sabis ɗin ƙetare ke kamawa don su ji muryar 'yan uwa. Wannan ya isa gaisuwa, amma bai isa aiki ba.

A wancan lokacin kuwa duniya wani labari take yi. Annobar korona ta 2020 ta kori ma'aikata daga ofisoshi, kamfanoni suka gane cewa injiniyan manhaja yana iya aikinsa daga ɗakin kwanansa. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya rufe ofisoshinsa ya koma aikin nesa kacokan. A Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi kamfanin Paystack na Najeriya a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200. Aka yi ta shelanta wa matasa cewa ga sana'ar da ba ta tambayar garinka: in kana da kwamfuta da intanet, kai da ɗan Landan ɗaya kuke. Wannan magana ta iso ƙasar Gobir, inda Sabon Birni da Isa suke, kuma matasa sun ɗauke ta da gaske. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna cewa sana'ar da aka ce ba ruwanta da wuri ta fi yawancin sana'o'i dogara ga wuri. Tela zai yi ɗinki da keken ƙafa ko babu wuta, maƙeri zai hura zuga ko babu sabis. Injiniyan manhaja yana buƙatar lantarki da intanet da kwanciyar hankali, su uku a tare, kullum, kuma su ne abubuwa ukun da gabashin Sakkwato ya fi rasawa. Shi ya sa duk matakin da ɗan Sabon Birni ko ɗan Isa ya hau a wannan sana'a yana ƙara nisanta shi da gida.

Me ya ja su zuwa gare ta tun farko? Dalili mafi girma shi ne toshewar hanyoyin da iyayensu suka bi. Arzikin yankin noma ne da kiwo da fatauci: gero da dawa a tudu, albasa da sauran kayan rani a fadamun Gulbin Rima, sai kai-da-kawo tsakanin kasuwannin nan da na Maraɗi. Noman ya zama sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Dabbobin an kore su. A Mayun 2020 an kashe mutane fiye da 70 a hari guda a kan wasu ƙauyukan Sabon Birni, kuma dubban iyalai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Fataucin ma ya sha kashi sau biyu: rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wadda ta kai Maris na 2024. Yaron da ya taso yana ganin wannan dole ya nemi dukiyar da ba a korawa cikin daji, wadda ake ɗauka a ka.

Sai faɗuwar naira. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; kafin watan Maris na 2024 ta haura 1,500. Lissafin ba ya buƙatar malami. A wancan farashi, wanda ake biyansa dala 500 a wata, kuɗin da a kasuwar duniya albashin ɗan koyo ne, ya tashi da naira 750,000, fiye da ninki goma na mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 shi ma ya yi nasa aikin. Kafin sa, dattijo a kasuwar ƙauye ba ya yarda da kuɗin da bai ƙirga da hannunsa ba. Bayansa, sunayen OPay da Moniepoint da PalmPay sun shiga bakin kowa, kuma yaro mai kaifin hankali ya fara tambayar wa ke ƙera abin da ke cikin na'urar mai POS.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wanda ni ina ganin yana da nauyi. Shekarun da Isa Ali Pantami ya yi yana shugabantar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, daga 2016, sannan yana ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023, sun canza yadda iyaye ke kallon kwamfuta. Ko mutum ya yarda da manufofinsa ko bai yarda ba, ganin malamin da ake sauraren tafsirinsa yana riƙe da wannan fanni ya sa uba a Isa ya daina ɗaukar na'urar a matsayin kayan kallon fim da lalata tarbiyya. Wanda ya gaje shi a NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, shi ma ɗan arewa ne. Da shirin 3MTT ya zo a ƙarshen 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan 3 a wannan fanni, ya tarar da ƙofa a buɗe.

Ƙofar farko dai ba aji ba ce. Shagon caji ne, mai janareta ƙarama tana kuka a bayan kwano, allon katako cike da soket, kowace waya da lambarta a manne. A gefe akwai mai tura fina-finai da wa'azi a memori, da tsohuwar kwamfutarsa da fankarta ke nishi. Gaba kaɗan mai gyaran waya ne, wanda ke cire makullin da mai ita ya manta, ya sake zuba mata manhaja. A nan yaro ke fara taɓa linzamin kwamfuta, a nan yake gane cewa na'urar umarni take bi. Wanda bai samu wannan ba, sau da yawa ranar jarrabawar JAMB ce ranarsa ta farko a gaban allo, domin tun 2015 aka mayar da ita ta kwamfuta zalla. Ka yi tunanin yaron da ya haddace darasinsa, ya bi hanya mai haɗari zuwa cibiyar jarrabawa, sannan ya ɓata mintunan farko yana neman yadda ake matsawa zuwa tambaya ta gaba. Ba a ƙidaya irin waɗannan cikin waɗanda sana'ar ta rasa, alhali su ne mafi yawa.

Wanda ya tsallake, Sakkwato ce zangonsa: Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Karatun jami'a yana ba da tushe, lissafi da tsarin tunani, amma abin da kasuwa ke saya yawanci ɗalibi da kansa yake nemo shi, a YouTube, da daddare lokacin da data ta fi araha. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya raba ɗalibai gida biyu. Ɗan birnin da ke da wuta da sabis ya yi amfani da watannin ya koyi Python ko JavaScript, wasu ma suka fara karɓar ƙananan ayyuka. Ɗan Gatawa ko Kurawa da ya koma gida ya dawo da abin da ya tafi da shi, in ma bai ragu ba. Ajinsu ɗaya, ƙwaƙwalwarsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu adireshi ne ya haifar da ita. Akwai masu fara rubuta manhaja a kan wayar hannu, suna matsa baƙaƙe da babban yatsa, har sai kawu ko yaya ya tausaya ya haɗa kuɗin kwamfuta ta hannu daga kasuwar Beirut a Kano. Tun da naira ta faɗi, wannan kwamfutar ma ta koma kuɗin da gida guda zai ci wata da watanni.

A nan ya kamata a raba hatsi da ƙaiƙayi. Guguwar "mainin" ta 2024, lokacin da matasan arewa suka duƙufa suna dannan allo a Hamster Kombat da makamantansa da fatan samun kuɗin kirifto, ta sa mutane da yawa sun ɗauka wannan ita ce harkar fasahar. Ta cinye data da lokaci, ta bar yawancinsu hannu rabbana, ta kuma ɓata wa masu koyon aikin gaske suna a wurin iyaye.

Aikin farko a Sakkwato yawanci na mutum ɗaya ne. Makaranta mai zaman kanta tana son shafin duba sakamako, asibiti yana son rajistar marasa lafiya, ɗan kasuwa yana son lissafin kaya. Injiniyan shi ne mai zane, shi ne mai rubutu, shi ne mai gyara, kuma in firinta ta ƙi aiki shi za a kira. Ana koyon juriya a haka, amma ba a koyon inganci, domin babu wanda ke duba aikinka. A kamfanin da ya san abin da yake yi, ba layin da zai shiga manhaja sai wani ya karanta shi ya ce gyara nan, me ya sa ka yi haka, wannan zai karye in mutum dubu suka shiga lokaci ɗaya. Ɗan koyon ɗinki yana ƙwarewa ne saboda maigidansa yana farke abin da ya ɗinka ya ce sake. Haka wannan sana'a take. Neman mai farke masa ɗinki shi ke tura saurayi Kano, ko Kaduna inda Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a 2016, ko Abuja, daga nan Legas. Albashi yana cikin dalilan tafiyar, amma ba shi kaɗai ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ilimin da ɗan wannan yanki ke ɗauke da shi ilimi ne mai tsada, sai dai kasuwar da ya je ba ta neman sa. Ya san yadda ake rayuwa da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, don haka tunaninsa na farko shi ne manhajar da za ta yi aiki ba intanet, ta adana bayani a waya, ta tura in ta samu hanya. Ya san innarsa ba ta karanta boko amma tana aika saƙon murya a WhatsApp sau goma a wuni, don haka ya san allon da aka cika da rubutu bai yi mata ba. Ya san ƙaramar waya mai madannai ta fi yawa a ƙauye, wadda sai ta lambobin tauraro da shinge ake mu'amala da ita. Ya taso cikin kuɗi biyu, naira da sefa, ya san yadda ɗan canji ke juya su a ka, ya san 'yan uwa a Maraɗi suna aika kuɗi ta Nita ko Al Izza. Ya san ƙauyukan da babu su a taswira, da waɗanda suke taswira amma mutanensu sun watse. Ya kuma ji yadda manhajojin da ke sarrafa Hausa, waɗanda akasari aka ciyar da su Hausar jarida da rediyo, suke tuntuɓe in Bagobiri ya buɗe baki. Ƙungiyar HausaNLP, da masana irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, sun yi aiki mai kyau wajen tara wa na'ura Hausa, amma karin harshen yamma yana jiran nasa ma'aikatan.

An taɓa ganin abin da irin wannan ilimi ke iya yi. A yaƙi da shan inna, ƙungiyar eHealth Africa da aka kafa a 2009 ta taimaka wajen zana taswirar ƙauyuka da rugage, aka riƙa ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda ƙafarsu ta taka, don a gane unguwar da aka tsallake. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga shelar Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Aikin injiniyoyi ne da aka yi shi domin ƙauye. Matsalar ita ce kusan duk aiki irin wannan da kuɗin masu ba da agaji ake yin sa, kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare a Janairun 2025, har ta rushe hukumar USAID, guraben da ke riƙe injiniya a arewa yana yi wa arewa aiki suka ƙara ƙanƙancewa. Wanda ya so gina manhajar asibitin ƙauye sai ya tsinci kansa yana gyara shafin sayar da takalma na wani kamfani a ƙasar da bai taɓa gani ba. Ba laifinsa ba ne. Can ake biya.

Shiga irin wannan kamfani kuwa makaranta ce ta daban. An rene shi a kan cewa yaro ba ya kiran babba da sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya ce masa ka yi kuskure a gaban mutane. A wurin aiki sai ya tarar ana kiran mai kamfani da sunan yanka, ana kuma sa ran ɗan wata uku ya ce wa ɗan shekara goma hanyarka ba za ta ɓulle ba, ga dalili. Kowace safiya akwai ɗan gajeren taro inda kowa zai faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da inda ya maƙale. Faɗin "na maƙale" a bainar jama'a yana yi wa mai kunya nauyi, sai ya yi shiru ya kwana yana fama shi kaɗai, su kuma su ɗauki shirun a matsayin rashin sani ko rashin himma. Ƙarin girma a wannan sana'a yana bin wanda ya iya bayyana aikinsa, a rubuce da Turanci, kuma kawaicin da ake yabo a gida a can hasara yake jawowa. Waɗanda suka yi nisa su ne suka koyi ajiye ladabi a muhallinsa ba tare da sun bar shi ya rufe musu baki ba. A Legas akwai wani sauƙi da Bagobiri ke samu wanda sauran 'yan arewa ba su da shi: tsohon wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. In aka dace da abokin aiki da ya san wannan zumunci, tsokana ɗaya tana buɗe ƙofar da wata shida na gaisuwar ofis ba su buɗe ba.

Sai maganar agogo. Mai yi wa kamfanin New York aiki, ƙarfe goma na safiyarsu ita ce uku ko huɗu na yammacinsa, lokacin la'asar. Tashinsu kuwa goma ko sha ɗaya na darensa. In Kalifoniya ce, suna buɗe ofis ana shirin magariba. Da azumi taro yakan faɗo daidai buɗa-baki, mutum ya kashe makirufo ya kurɓi ruwa ya dawo. Juma'a ranar aiki ce cikakkiya. Yawancin kamfanoni ba sa hana salla in an yi musu bayani, amma bayanin sai an yi shi, kuma sabon ɗauka yana tsoron kada a ce ya cika uzuri. Zaman majalisa bayan isha'i, gaisuwar mara lafiya, rakiyar gawa, ɗaurin aure, duk abin da ke sa a ce wane mutumin mutane ne, suna faɗowa cikin awannin da ya riga ya sayar. Ya kwana yana aiki, ya yi barci da hantsi, unguwa ta ce ba ya da aikin yi. Wasu su ce ɗan damfara ne, zargin da ya sa matasa masu ɗauke da kwamfuta suka sha tsangwama a shingayen bincike, har ya zama ɗaya daga cikin koke-koken zanga-zangar EndSARS ta 2020.

Rabin hankalinsa kuma yana kan wuta. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, janareta ta zama ta lalura. Albashin farko na kirki yakan tafi ne a faifan sola da batir da inbata, da layi biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, wannan ya ɗauke a koma wancan. A 2025 kuɗin kira da data suka ƙaru da kashi 50 cikin ɗari. Abokin aikinsa na Turai bai taɓa lissafa ko cajinsa zai kai ƙarshen taro ba. Za a ce ai Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya tun farkon 2023, ana iya kafa shi ko a tsakiyar daji. Gaskiya ne. Amma farantinsa a kan rufi a Sabon Birni, da faifan sola a gefensa, sanarwa ce ga masu kai rahoto cewa gidan nan akwai kuɗi. Fasaha ta warware matsalar sabis, ta buɗe wata wadda ta fi ta muni.

A nan ne batun daidaita aiki da rayuwa, wanda a wasu ƙasashe ke nufin hutun ƙarshen mako da motsa jiki, yake ɗaukar wata ma'ana. Mai albashin dala daga wannan yanki yana ɓoye samunsa ne, har ga wasu dangi, domin labari in ya fita yana iya zama farashin kan mahaifinsa. Wayarsa ba ta mutuwa da dare. In ta yi ƙara daga gida gabansa ya faɗi kafin ya ɗauka. "Yaya, an ɗauke su Kawu a gona," ko "An aza wa gari kuɗi, an ce kowane gida ya kawo nasa." Shi ne asusun gaggawa na zuri'a guda: fansa, magani, kuɗin makarantar ƙanne, buhun gero ga waɗanda aka hana noma. Zai ajiye wannan wayar ya koma taro ya yi bayanin dalilin da ya sa wani maɓalli bai yi aiki ba, da murya daidai, domin babu gurbin irin wannan labari a jadawalin kamfani. Zuwa gida da Salla ya zama shawara mai nauyi. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta yana hannun 'yan bindiga. Bayan wannan, uwa da kanta take cewa, "Ɗana, yi zamanka, mun yafe maka zuwan." Aiki ne da ke buƙatar hankali ya tattaru wuri ɗaya na awanni, ana yin sa da zuciyar da ta rabu biyu. Gajiyar da ke biyo baya ba ta jiki ba ce, kuma al'adarmu ba ta ba namiji wurin faɗinta ba.

Ga mata lissafin ya ɗan bambanta. Aikin da ake yi daga ɗaki, ba tafiya, ba cuɗanya, ya dace da sharuɗɗan da gidaje da yawa ke gindayawa, kuma matar da ta iya shi tana iya riƙe shi bayan aure. Amal Hassan, 'yar Kano da ta kafa Outsource Global, ta nuna cewa mace daga arewa tana iya gina kamfanin da ke yi wa ƙasashen waje aiki. Amma yarinyar da makarantar garinsu ta rufe, ko aka cire ta don tsoron hanya, ba ta isa ko ƙofar farko ba, kuma shagon cajin da ya zama ajin farko na ɗan'uwanta ba wurin zamanta ba ne.

To, me garin ya samu, me ya rasa? Kuɗi yana shigowa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai gidajen da wannan ne ya hana su bara. Amma abu na farko da mai samu ke yi in ya tara shi ne ya kama wa iyayensa gida a Sakkwato ya kwashe su. Kowa a matsayinsa haka zai yi. Sakamakon dai shi ne nasarar mutum ɗaya tana fitar da gida guda daga garin, tare da ƙannen da da su ne za su gaje shi. Yaron da ya rage bai taɓa ganin injiniya da idonsa ba, sai labari. Kuma tsanin da na gaba suka hau yana rasa matakansa na ƙasa. Tun Satumban 2019 Andela ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400, ya ce ƙwararru kasuwa ke nema. Daga fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ƙananan ayyukan da ɗan koyo ke cin abinci da su yana ƙwarewa, na'ura tana yin da yawansu cikin daƙiƙa. Tana kuma iya zame masa malami mai haƙuri da ba ya gajiya da tambaya, wannan alheri ne na gaske ga wanda ba shi da kowa. Amma ta rage dalilin da zai sa kamfani ya ɗauki sabon hannu, kuma wanda ya fi nisa da masu ɗauka shi ke fara jin jiki.

Shi ya sa nake ganin auna nasara da yawan waɗanda aka horar kuskure ne. Takardar shaidar wata uku ba ta kunna fitila. Tambayar da ta dace ita ce mutum nawa ne, shekara biyu bayan horon, suke cin abinci da sana'ar, kuma a ina suke zaune. Ba na cikin masu cewa a roƙi matasa su koma ƙauye don kishin gida. Ba a roƙon mutum ya kai kansa inda za a sace shi. Abin da ake iya yi yanzu shi ne a rage nisan zangon. In ɗan Isa zai iya zama cikakken injiniya a Sakkwato ba sai ya kai Legas ba, yana nan kusa da iyayensa, yana jin harshensu kullum, ƙannensa suna ganin sa. Wannan yana buƙatar wurin aiki na haɗaka mai wutar sola da intanet da ba ya yankewa, a buɗe har dare saboda masu agogon Amurka, da ɓangaren mata. Yana buƙatar 'yan yankin da suka yi nisa su ware awa biyu a mako su karanta aikin na baya, su farke, su ce sake. Maraɗi ma ta fi Sakkwato kusa da Sabon Birni, tana da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ɗalibanta Hausa ɗaya suke yi da namu, Gobirawan Tsibiri dangi ne. Su suna da Faransanci da kasuwar sefa, mu muna da Turanci da kasuwar naira, kuma manhajar da za ta yi wa ɗan kasuwar iyaka aiki tana buƙatar duka biyun.

Mafi sauƙi a cikinsu yana hannun gwamnatin jiha. Tana kashe kuɗi a kan manhajar albashi, da ta haraji, da rajistar ɗalibai, da bayanan asibitoci, da ƙidayar 'yan gudun hijira. Duk kwangilar da za ta bayar, ko wane kamfani ya ci, tana iya sa sharaɗi cewa wani kaso na aikin a Sakkwato za a zauna a yi shi, da ƙananan injiniyoyi 'yan jihar a ƙarƙashin manya, a biya su, a kuma bar musu kula da manhajar bayan an miƙa ta. A ware gurabe da sunan ƙananan hukumomin gabas, a haɗa da kuɗin masauki, domin ɗan Sabon Birni da aka ba gurbi ba a ba shi wurin kwana ba, sati biyu zai yi ya ajiye.